Shekarar da Hantar Ɓeraye Ta Yi Shuɗi

Duk shekara sai an turo mini ku, ku yi wata uku ko shida a ɗakin dabbobin nan, kuma duk shekara fuska iri ɗaya nake gani ranar farko. Ku leƙa keji, ku ga farin ɓera yana wanke fuska, ku kalli juna. Na san abin da ke ranku: wai wannan ma aiki ne? A zuba abinci, a canza ruwa, a kwashe kashi. A unguwarmu ta Ƙofar Atiku har yau Haliru Mai Kusu ake ce mini, don mu nan Sakkwato kusu muke ce wa ɓera, kuma ba don girmamawa aka raɗa mini sunan ba. Ku ajiye wayoyinku ku saurara.

Ranar da na fara aiki, ko minti biyar ban yi a ciki ba aka kore ni. Lokacin kuɗin mai na ambaliya, gwamnati na gina komai, ana ɗaukar mutum aiki da takardar firamare. Na sha wanka, na fesa turare, na zo. Shugaban ɗakin wani dattijo ne mutumin Zuru, Baba Yohanna, wanda ya koyi aikin a hannun Turawan asibitin dabbobi. Ya matso kusa da ni ya ja hanci.

"Wa ya ce ka sa turare?"

"Baba, yau Juma'a ta."

"Ɓera bai san Juma'a ba. Je ka wanke, ka dawo gobe."

Na ɗauka wulaƙanci ne kawai irin na manya. Ba a yi sati biyu ba wani ɗalibi ya shigo da ƙamshinsa, ya sa hannu cikin kejin wata da ta haihu kwana ɗaya, ya jujjuya 'ya'yan. Washegari Baba ya kira ni ya buɗe murfin. Cikin 'ya'ya tara, kawuna uku na gani da wata 'yar ƙafa. Uwar ta cinye sauran, tana zaune a gefe tana lasar hannu. Tun daga ranar, turarena a aljihu yake kwana sai na tashi aiki.

Wata uku ban taɓa ɓera ba. Kwalaben ruwa nake wankewa, ɗari biyu da wani abu, kowace da ɗan bututun ƙarfe a bakinta. Baba yakan ɗauki ɗaya ya kifa ta, ya taɓa bakin bututun da yatsa. In ɗigo bai fito ba, sai in sake duka layin, don bututu ɗaya in ya toshe a watan bazara, kafin ka dawo daga hutun Lahadi kejin ya mutu. Daga nan na koma tukunyar tururi, inda ake dafa keji da shimfiɗa a kashe cuta. Sai daga baya ya koya mini kamu: ka riƙe gindin wutsiya, ba tsininta ba, ka bar shi ya kama murfin keji da hannuwansa, sannan ka tattaro fatar ƙeya da yatsu biyu. In ka sassauta ya cije ka, in ka matse ya suma. Ya koya mini raba mace da namiji tun suna jajaye kwana ɗaya, da huda kunne da ɗan abin huda don kowa ya san lambarsa, da rubuta littafin haihuwa: wa aka haɗa da wa, yaushe, nawa aka haifa, nawa suka rayu. Yana cewa wanda ya yi ƙarya a littafin nan ya yi wa likita ƙarya, likita kuma zai je ya yi wa marar lafiya ba da saninsa ba.

A shekarun nan komai ta jirgi yake zuwa. Kejin, abincin cikin buhunan takarda masu rubutun waje, har diddigar katakon da ake shimfiɗa musu. Na'urar sanyaya ɗaki huɗu gare mu, alhali gidan babban sakatare biyu ne. Mutanen unguwa suka ji labari suka riƙa tare ni, wai da gaske ne kusu na kwana cikin sanyi mu muna kwana a tsakar gida? Da gaske ne. Zafin garin nan in ya bugi namiji, sai ya yi makonni ba ya ba da ciki.

Masu zuwa neman ɓeraye kuwa iri-iri ne. Akwai malamin da zai turo takarda wata biyu kafin lokaci, irinsu ba su da yawa. Akwai ɗalibin da zai faɗo da azahar yana son maza talatin, sa'annin juna, masu nauyi ɗaya, gobe da safe, kamar tumatir ne. In ka ce masa ciki kwana ashirin ne, yaye kwana ashirin da ɗaya, girma kuma sai an ƙara wata guda, sai ya ce kana masa baƙin ciki.

Dakta Saratu ta zo ne bayan ambaliyar kuɗin man ta janye, sojoji sun dawo, ana ta maganar tsuke bakin aljihu. 'Yar kudancin Zariya ce, ta yi shekaru tana karatu a waje. Ranar da ta iso daga Kano, wani akwati mai huji-huji ne a kan cinyarta, ta ƙi yarda direba ya sa shi a but ɗin mota. Ɓeraye shida ne a ciki, ba farare irin namu ba, masu duhu. Ta sa aka ware musu ɗaki, ta ce ni zan riƙe su, don Baba idonsa ya fara rauni. Ta zaunar da mu biyu ta yi mana bayani da Hausa.

Ta ce akwai wani sinadari da jiki ke ƙerawa, shi ke sa jini ya yi ja, shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa. Ɓargo na ƙera shi don jini. Hanta ma na ƙera nata, don da shi take narkar da magani da guba. Umarnin ƙera shi a rubuce yake cikin ƙwayoyin gadon da mutum ke samu daga iyaye, kuma umarnin yana da makunni kamar na lantarki. In guba ta shigo, hanta ta kunna. In ta wuce, ta kashe. Ta ce akwai mutanen da in makunnin nan ya kunnu da ƙarfi sai jikinsu ya rikice: ciwon ciki kamar za su mutu, fitsari ya yi duhu, wasu har hankali ya gushe, a ce iska ce. Ita so take ta san me ke kunna shi, me ke kashe shi.

"To ina ruwan kusu da wanga zance, Dakta?" na tambaye ta.

"Malam Haliru, makunnin mutum ne a jikinsu. An ciro shi, an ɗaura masa wata alama, an sa shi cikin ƙwan kakarsu da allura tun kafin ya zama ɓera. Duk ɗan da suka haifa da shi zai zo."

Na kalli akwatin, na kalli Baba Yohanna. Baba ya cire hula ya sake sawa. Kwana biyu ina ba su abinci ina kauda kai. Rana ta uku ɗaya ya cije ni a babban yatsa kamar kowane ɓera, sai hankalina ya ɗan kwanta.

Aikin farko da na ga alamar da idona ba zan manta shi ba. Keji biyu: na hagu an yi musu allurar maganin farfaɗiya kwana uku, na dama ba a ba su komai ba, su ne ma'auni. Ta fede su, ta yanki hantar sala-sala, ta tsoma cikin wani ruwa fari kamar na famfo, ta sa a akwatin ɗumi. Da muka dawo, hantar na dama tana nan yadda take. Ta hagu kuwa ta yi shuɗi, shuɗi sosai, kamar an kai ta marina an turo. Na yi salati da ƙarfi har ta yi dariya. Ta ce, "Ka ga makunnin ya kunnu." Shekara uku muna wannan aiki. Na mayar da shidan nan sun haura ɗari biyu, ba ɗaya da ban san kakansa ba.

A tsakanin nan abincin jirgi ya yanke. Baba ya ce zamanin Turawa da hannu suke yi, mu ma za mu yi. Masara, ƙuli-ƙuli, garin busasshen kifi, garin ƙashi, dusa, gishiri kaɗan. A niƙa, a kwaɓa, a tura ta injin niƙa nama ya fito kamar taliya mai kauri, a yayyanka, a shanya. Shimfiɗa kuma muka koma ɓuntun shinkafa. Masarar wurin Alhaji Ummaru nake saye, wani mai hatsi da ke da sito a Ƙofar Dundaye, abokin mahaifina ne. Shekara biyu ba wata matsala. Na gida ma a wurinsa nake ɗauka.

Sai shekarar da damina ta ɗauke da wuri. Hatsi ya yi wuya, masu sito suka riƙe kayansu har cikin bazara. A lokacin ne Dakta ta shirya babban gwajinta, wanda za ta aika wa masu tallafa mata a waje. Ɓeraye sittin, kashi shida, wata huɗu muna shiri. Ranar da aka buɗe akwatin ɗumi ina can ina wankin keji, na ji ta ƙwala mini kira, abin da ba ta taɓa yi ba.

Kwalabe sittin na yankan hanta a jere kan tebur. Duka shuɗi. Na allura shuɗi, waɗanda ba a ba su komai ba shuɗi, har ma wasu cikinsu sun fi na allurar turuwa.

"Malam Haliru, me ka yi mini?"

"Ranki shi daɗe, ban yi komi ba."

"Ka haɗa kejin. Ko ka yi wa duka allura. Ɗaya daga cikin biyun."

"Ga littahi nan, Dakta. Ga kunnuwansu."

"Littafin da kai ka rubuta?"

Shekara goma sha wani abu ina aikin nan, ba a taɓa ce mini haka ba. Ta ce ta ba ni zuwa ƙarshen wata, in ba a gano ba za ta rubuta a sauya ni. Sai ta zauna ta kifa kai a kan tebur.

Baba Yohanna bai ba ni haƙuri ba. Ya ce, "Bar ɓacin rai. Kawo mini biyu daga kejin haihuwa, waɗanda allura ba ta taɓa shiga ɗakinsu ba." Na kawo. Ya roƙi Dakta ta gwada su. Shuɗi. Ya ce to ba keji aka haɗa ba, wani abu ne ke shiga cikin kowa. Muka bi ruwa, tankin nan dai ne. Muka bi ɓuntu, muka bi sabulun wanki, muka tambayi masu shara ko an yi feshin sauro kusa da taga. Babu. Muka farfasa ƙuli-ƙulin muna neman fumfuna, lafiya lau yake. Kwana tara muna yi.

Rana ta goma na shiga ɗakin ajiya in auni masarar niƙa. Na ja buhun gefe in share ƙarƙashinsa, sai ga kyankyasai a mace, sun kai goma, da layin tururuwa duk a bushe. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na zura hannu cikin buhun har gwiwar hannu, na ɗebo daga ƙasa, na baza a tafi. Masarar da ta kwana tun kaka har bazara, ko ƙwaro ɗaya babu, ko huji ɗaya babu a jikin ƙwaya. Ku da ba ku taɓa ajiye hatsi ba, ba za ku gane ba: wannan ba ya yiwuwa. Da na zubar, tafin hannuna ya yi fari-fari da wata hoda. Na shinshina, wari kaɗan kamar na tsohon ɗaki.

Dakta ta dubi hannuna ta daɗe. Ta ce a yi keji uku. Na farko a ci gaba da masarar Alhaji. Na biyu masarar Alhaji amma a wanke ta sau uku a shanya, yadda mata ke yi. Na uku masarar gonar Baba, da ya sa aka kawo daga ƙauye. Ɓerayen gwajin kuwa ta sa muka ɗauko daga wasu 'yan kaɗan da ke wani ɗaki, da suke cin ragowar abincin da aka haɗa da masarar bara. Bayan sati biyu aka buɗe. Na gonar Baba fes. Na Alhaji shuɗi. Wanda aka wanke sau uku ɗin ma shuɗi, ya ɗan fi haske kawai.

A gaban masu shara da masinja ta ce, "Malam Haliru, na zalunce ka. Ka yafe mini." Na ce ba komai. Sai ta ce, "Wa kuma Alhajin yake sayar wa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na ce, "Dakta, rabin buhu na nan ɗakin matata. Wata huɗu muna ci."

Da la'asar na tafi Ƙofar Dundaye da kwalabe biyu a aljihu. Na tarar da Alhaji Ummaru kan buzunsa a bakin sito, mata na jiran awo. Na jira suka ragu, na durƙusa na gaishe shi.

"Haliru, lahiya? Na gane ka wani iri."

"Baba Alhaji, mi anka zuba ma masarar ga?"

"Maganin ƙwari na mana. Wanda aka hesa ma auduga. Kowa haka shika yi bana, in ba haka ba ƙwari su canye ta kahin damana. Ai wankewa aka yi."

Na fito da kwalaben na ajiye gabansa. Na ce wannan hantar wanda ya ci masarar ƙauye ce, wannan ta wanda ya ci tasa bayan an wanke sau uku. Ya ɗauki mai shuɗin ya ɗaga ta sama yana juyawa.

"Wanga mi na na? Hantar mutum haka taka yi?"

Na gaya masa yadda Dakta ta ce in faɗa, ba ƙari: hantar mutum ba ta yin shuɗi, shuɗin alama ce da aka sa. Amma ma'anarta hanta ta ga guba tana faɗa da ita ba hutu. Abin da zai yi wa mutum a shekara ɗaya ko goma, ita ma ba ta sani ba. Ta dai ce maganin a kitse yake maƙalewa, yana bin nonon uwa.

Ya ajiye kwalbar a hankali. Ya juya ya kalli cikin siton, buhuna har rufi. Ya ce, "Ɗiyata ta haihu watan jiya. Ni na aika mata da buhu guda, don kunu." Wata mata ta matso da kwanonta tana cewa a auna mata. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce mata yau an tashi. Ya ja ƙofar siton ya sa kwaɗo. Kwana uku bai buɗe ba. Da ya buɗe, buhunan sun ragu, an ce ya sayar wa wasu masu mota. Inda suka kai su ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Na dai san bai ƙara zuba hodar nan ba har ya rasu, kuma maƙwabtansa na sito ba su fasa ba.

A wurin aiki, sai da muka yi wata biyar muna kiwo da masarar ƙauye, muka jira jikokin waɗancan, kafin hantar ma'auni ta dawo fes. Shekarar Dakta ta tafi a banza, masu tallafin ba su jira ba. Ta rubuta wa hukuma takarda mai shafi huɗu a kan hodar, ni na kai da hannuna, aka buga mata hatimi aka sa a tiren takardu. Amsa ba ta zo ba. Bayan shekara biyu ta koma waje, ta tafi da ɓeraye shida kamar yadda ta zo.

Saura rabin buhun gidana. Ranar da na dawo daga wurin Alhaji na tarar an jiƙa ta tuwon dare. Na ce a zubar. Matata ta ɗauka na taɓu. Ba zan ba akuya ba, don za mu sha nononta. Ba zan zuba a bola ba, kaji za su tsince. Da gari ya waye na ɗauki buhun a ka da hantsi, na tafi wani kango bayan gidajenmu, na haƙa rami. Ina cikin haƙa mutane suka taru. A shekarar nan akwai gidajen da sau ɗaya ake ɗora tukunya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Inna Hajo, mai riƙon jikoki huɗu, ta zo ta tsaya a bakin ramin.

"Haliru, hatsi za ka turbuɗewa? Ba ni shi."

"Inna, guba ta a ciki."

"Ku da kunka ci wata huɗu, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna."

"To ba ni. Ni na ɗauki alhakin."

Na hana ta. Na zazzage masarar cikin ramin, na mayar da ƙasa, na tattake, na jawo wani tsohon dutsen niƙa na ɗora a kai. Ta juya ta tafi. Sauran ma suka watse suna kallona.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na bi ta kangon. Dutsen yana gefe. Ramin a tone yake, an tankaɗe ƙasar tsaf, ko ƙwaya ɗaya ba a bari ba. Gidaje bakwai ne ke kewaye da kangon nan, na san kowa a cikinsu, kuma da hantsi na ji ƙarar turmi daga gida fiye da ɗaya.

Shi ya sa in na ba ku abu na ce a hallaka, ba na cewa ku binne. Ku kai shi murhun ƙona shara, ku zuba kananzir, ku tsaya a wurin har ya zama toka.